Ƙafar da Ta Riga Ni Shiga Kabari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ƙagi gaɓoɓi Ya jera su, Ya yanka wa kowace ajalinta daban da na 'yar'uwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Aminci ya tabbata ga mai karatu.

Bayan haka, shekara talatin da ɗaya na yi ina limancin masallacin unguwarmu. Ina da ciwon sukari, wanda ya kashe mini jin ƙafar dama daga idon sawu zuwa ƙasa. Wata rana ƙusar takalmi ta huda babban yatsana, ban sani ba sai da na ga jini a kan darduma. Gyambon ya ƙi warkewa. Likita ya ce a cire yatsan a ɗinke wurin tun da wuri, na ce zan yi shawara. Abin da nake tsoro ɗaya ne. A mazhabar da na karanta na kuma karantar, wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu tsayuwa salla, kuma na ga maƙwabcina tela, an fara masa da yatsa aka ƙare a gwiwa. Ban gaya wa 'yata ba, wadda ke aiki a ɗakin binciken halittu a wata ƙasa mai nisa. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ga wasiƙun da suka gudana a tsakaninmu, har da guda ta ƙanwata, ban gyara ko harafi ba.

Daga gare ni zuwa ga 'yata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, kina kiyaye salla a kan lokacinta. Mu nan sai godiya. Gwaggonki na gaishe ki, tana nan da bakinta yadda kika san shi.

Kin san ban ɗauki waya abin tattauna ilimi ba, ta gaisuwa ce kawai, saboda haka na ɗauko alƙalami. Ran da kika kira, kin ce aikinki shi ne yanke ƙafafun wata halittar ruwa, ƙafafun kuma su sake fitowa. Ban so in ɓata miki rai a waya ba, amma maganar ta tsaya mini. Malamai ba su halatta cutar da mai rai ba sai da buƙata tabbatacciya. Wanda ya karya ƙafar kwaɗo don wasa za a tambaye shi. To ke da kike yanka kullum, mece ce hujjarki? Idan kallo ne na mamaki kawai, ki nemi wani aikin, arziki na Allah ne. Idan kuwa akwai amfani ga bayin Allah, ki bayyana mini shi dalla-dalla, kamar yadda kike biya mini karatu a zaure kina ƙarama. Yaya abin yake fitowa? Me ke fitar da shi, me ke hana shi?

Allah Ya yi miki albarka. Mahaifinki.

Daga 'yata zuwa gare ni

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, ina gaisuwa cikin ladabi da biyayya. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye kamar kana gabana.

Sunan halittar salamanda. Siffarta ta ƙadangare, amma fatarta laushi irin ta kwaɗo, a ruwa take zaune. Muna da su fiye da ɗari biyu, kowace a akwatin gilashinta, a wani ɗaki mai sanyi marar taga. Akwai wata fara mai jar geza kewaye da kai, na sa mata suna Mai Rawani. Ka yi haƙuri, ba raini ba ne, zamanta ne irin na manya.

Ba ma taɓa su sai mun sa su a ruwan maganin barci har motsi ya ɗauke. Ina yin bisimilla a kan kowace. Idan aka yanke ƙafar gaba, kafin kwana ɗaya wata siririyar fata ta lulluɓe bakin raunin. Bayan kamar mako biyu sai wani ƙullutu ya taso a ƙarƙashinta, kamar tohon reshe. Daga nan gwiwa ta fito, sannan yatsu huɗu, babu ko tabo.

Amma da sharaɗi, kuma shi ne aikina. Jijiya, wato ta ji da motsi ba ta jini ba, ita ce ke raya ƙullutun. Ina buɗe kafaɗar dabbar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in nemo wasu fararen jijiyoyi guda uku masu kaurin zare, in datse su. Wadda aka yi wa haka, rauninta zai rufe lafiya ƙalau amma ƙafa ba za ta fito ba. Kuma ba a buƙatar jijiya iri kaza, yawanta ake buƙata. In zaren da ya kai bakin raunin bai kai wani adadi ba, babu abin da zai tsiro. Da yake jijiyar da kanta tana komowa, duk kwana goma sai na sake datse ta. Mai Rawani sau uku ke nan.

Abu na biyu da ke hanawa shi ne ɗinki. Idan aka jawo fata mai kauri aka ɗinke bakin raunin, ko da jijiya na nan, an rufe ƙofa ke nan.

Amfaninsa kuwa, Baba, in an gane abin da jijiya ke bayarwa, ana fatan a taimaki mutanen da suka rasa gaɓa. Wallahi ba wasa nake yi da rayukan bayin Allah ba.

A gaishe da Gwaggo. 'Yarka mai neman albarkarka.

Daga gare ni zuwa ga 'yata

Assalamu alaikum. Uwata, madalla da amsa. Na karanta ta sau uku, na yi tasbihi ga Wanda Ya ɓoye wannan hikima a cikin zare. Sunan da kika sa wa dabbar dai ban yaba ba, amma na yi dariya, Allah Ya yafe mana mu duka.

Saura mas'ala guda. Wani mutum ne ya tambaye ni, ni kuwa ba fannina ba ne. Mutumin dattijo ne, jijiyar ƙafarsa ta mutu saboda ciwo, ko an soka masa tsinin alƙalami ba ya ji. Yana da rauni a yatsa. Tambayarsa ita ce, tunda jijiya ce mai rayawa, tasa kuma ta mutu, shin masana irinku sun sami abin da zai tsaya a madadinta? In sun samu, yaushe zai iso ga mutane? Ki amsa da abin da kika sani, domin da amsarki ne zan san ko aikinki ya kai matsayin buƙatar da ke halatta yanka, ko bai kai ba.

Allah Ya ƙara miki fahimta. Mahaifinki.

Daga 'yata zuwa gare ni

Wa alaikumus salam. Baba, ina gaisuwa. Ban san ranar da na yi farin ciki irin na ranar da na karanta "madalla" da rubutun hannunka ba. Na ajiye takardar a aljihun rigar aiki.

Ka gaya wa mai tambaya akwai bushara. Mun gano wasu sinadarai da jijiya ke sa a samar a bakin rauni. Mukan jiƙa wata 'yar ƙwaya da ba ta kai kan allura ba a cikinsu, mu dasa ta a ƙafar da na datse wa jijiya. Baba, da idona na ga ƙullutu ya taso a inda babu jijiya ko ɗaya! Shugaban ɗakinmu har rawa ya taka, tsoho da shi. Ke nan abin da jijiya ke yi ana iya yin sa ba tare da ita ba, matuƙar raunin yana buɗe, ba a rufe shi da ɗinki ko tabo ba.

Game da lokaci, aiki yana sauri ƙwarai. In sha Allahu abin bai yi nisa ba. Ƙarshen shekara zan zo hutu, zan taho maka da hotuna da duk abin da muka samu, ka gani da idonka. Ina fatan yanzu zuciyarka ta natsu da sana'ata.

'Yarka.

Daga ƙanwata zuwa ga 'yata

Salamu alaikum. Likitar kwaɗi, ina gajiya, ina aiki. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da biro tun ana neman aurena.

Ubanki ya sa na yi alkawari ba zan kira ki a waya in faɗa miki ba. To ban kira ba. A gidan malamai na tashi ni ma.

Ke wace irin takarda kika aiko wa Yaya Malam? Tun da ta zo yake yawo da ita a aljihu kamar takardar gado. Ƙafarsa ruɓewa take yi, 'yar nan. Wata huɗu ke nan. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi sahu, ɗakinsa sai na yi turare sau uku a yini. Safa biyu yake sawa ya tafi masallaci, ladan na riƙe da shi ta gefe wai hira suke yi.

Ran Talata na ja shi asibiti da kuka. Likita ya buɗe, ya kawar da kai, ya ce, "Malam, wata huɗu da suka wuce yatsa na roƙa. Yau rabin tafin nake roƙo. In ka sake tafiya, ban san me zan roƙa ba."

Sai ubanki ya gyara zama kamar yana kan buzu, ya ce, "In kun yanke, za ku ɗinke?"

Likita ya ce, "Dole mana."

Ya ce, "To ɗinki shi ke rufe ƙofa. Ka san salamanda?"

Likita ya dube ni, ni ma na dube shi. Na ce, "Yaya, kai kwaɗo ne?"

Ya ce, "Ke dai ba ki yi karatu ba. Ƙiyasi ne: illa ɗaya, wato dalili ɗaya, hukunci ɗaya. Nama nama ne, jijiya jijiya ce. Uwata na tafe da magani ƙarshen shekara, sharaɗinsa a tarar da raunin a buɗe."

Na ce, "In ta tarar da kai a rufe fa?"

Sai ya mayar da safarsa ya ce mu tafi gida. Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ko bandejin da suka naɗa masa kwancewa yake yi, wai kada wurin ya yi tabo. Kullum da safe sai ya ɗauki alƙalaminsa na kara yana soka ƙafar daga gwiwa zuwa ƙasa, inda ji ya tsaya ya ɗiga tawada. Da ɗigon yana idon sawu. Jiya na gan shi a tsakiyar ƙwauri.

In da gaske kina da maganin nan, ki sa shi a jirgi gobe. In kuwa babu, ki faɗa masa da bakinki, don duk duniya ke kaɗai yake ji yanzu. Ni na zama rediyo a gidan nan.

Gwaggonki, wadda ta yi miki wanka kina jaririya.

Daga 'yata zuwa gare ni

Baba, assalamu alaikum. Wasiƙar Gwaggo kwana tara ta yi a hanya. Yau na kira ka sau goma sha ɗaya, na kira ta, duk a kashe. Na ba da wannan ga masu kai saƙon gaggawa.

Babu magani, Baba. Babu shi a ƙarshen shekara, babu shi a shekara goma, wataƙila ba za a gan shi a rayuwata ba. Don girman Allah ka bar likita ya yi aikinsa yau.

Ban yi maka ƙarya ba, amma na zaɓi abin da zan faɗa, kuma wannan ya fi ƙarya muni. Dabba arba'in muka dasa wa ƙwayar nan. Shida ne suka yi ƙullutu, biyu suka kai ga wani abu mai kama da ƙafa, a karkace. Wannan a jikin halittar da Allah Ya riga Ya ba ta baiwar tsirowa ke nan. Ɗan Adam ba a ba shi ba. Jijiyarsa ko tana da rai, rauninsa tabo yake yi. Raunin salamanda a buɗe ƙofar tsiro ne, naka a buɗe ƙofar ruɓa ne. Ƙiyasin bai inganta ba, Baba, asali da reshe ba su haɗu a illa ba. Kai ka koya mini wannan.

Kuma ni ba ni ce mai binciken ba. Na bar ka kana zaton haka. Ni mai wanke akwatuna ce, mai ba da abinci, mai datse jijiya saboda hannuna ba ya rawa. Da ka ce amsata ce za ta halatta aikina ko ta haramta shi, sai na amsa kamar ɗaliba mai son a ce mata madalla. Na san salon nan naka na "wani mutum ya tambaye ni". Sau nawa na ji ka yi shi a zaure don ka rufa wa mai tambaya asiri? Ban taɓa kawo wa raina cewa naka asirin kake rufawa ba. Da na tambaya waye mutumin, da layi ɗaya ya isa.

Na nemi izinin tafiya, sun ce takarduna sai sun yi mako shida. Ka je asibiti. Ka tsine wa aikin in ka so, amma ka je.

'Yarka.

Daga gare ni zuwa ga 'yata

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Uwata, wasiƙarki ta same ni a gadon asibiti, kwana biyu bayan an gama. Ranar da kike ta kira, ina ɗakin tiyata, gwaggonki na bakin ƙofa. Zazzaɓi ne ya kayar da ni a raka'a ta biyu ta sallar la'asar, ina tsaye a gaban mutane. Na'ibi ya matso ya ƙarasa musu.

A ƙasan gwiwa suka yanke, da tazarar yatsu huɗu. Sun jawo fata sun ɗinke, ɗinki mai kyau, maƙwabcina tela ma da yana raye zai yaba. Na roƙi a ba ni abin da aka cire. Ladan da na'ibi suka naɗe ta a farin ƙyalle suka kai maƙabarta, suka haƙa mata rami kusa da mahaifiyarki. Ladan ya dawo yana share ido, ya ce, "Malam, ba ta da nauyi." Na ce, "Shekara talatin da ɗaya tana ɗauke da ni zuwa masallaci, ta sauke ne."

Kada ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba. Wanda ya ɓoye wa mai fatawa haƙiƙanin mas'ala, zunubin amsar a wuyansa yake. Na faɗi wannan a kan mumbari ba sau ɗaya ba. Na san likita ya fi ni sanin ƙafa, kuma neman magani umarni ne. Ba jahilci ne ya kai ni ba. Na riga na yanke abin da nake so, sannan na fita neman hujja, na same ta a takardar 'yata. Da yatsan na bayar, da yanzu ina tsaye.

An sallame ni ran Alhamis. Jiya Juma'a aka tura ni masallaci a keken marasa lafiya, aka ajiye ni a ƙarshen sahun farko, jikin bango, inda ake jingine sanduna. Na'ibi ya yi huɗuba mai kyau. Mutane suka yi ta zuwa gaishe ni suna sunkuyowa, kamar yadda ake sunkuya wa mai jinya. Ban taɓa sanin fankar gefen nan tana ƙara ba.

Akwai abin da nake so in gaya miki, ke da kika san jijiya. Ƙafar da shekara biyar ba ta ji komai ba, yanzu da babu ita nake jin ta. Babban yatsan yana yi mini ƙaiƙayi. In kai hannu in sosa, sai in kama zanen gado. Da na zo alwala jiya, na iso kan ƙafa, na ɗebi ruwa na miƙa wa ta dama, ya zube a ƙasa. Likita ya ce jijiyar da ta rage a sama ce ke ta aika saƙo, ba ta san an tashi ba. Ke nan tana nan, tana da rai, tana kira a bakin ƙofar da aka ɗinke. Na yarda da hukuncin Ubangijina, amma ba zan ɓoye miki ba, ban sami daɗin yardar ba tukuna. Ina faɗinta da harshe ina jiran zuciya ta iso.

Ba zan tsine wa aikinki ba, ba zan kuma ce miki ya halatta ko bai halatta ba. Na daina ba da fatawa a kan abin da nake da buƙata a cikinsa. Alfarma ɗaya nake nema. Dabbar nan mai rawani, ki daina datse mata jijiya. Ki bar ta ta komo, ki yi mata duk abin da ake yi, sannan ki rubuto mini abin da ya faru. Gaskiyarsa kawai, ba ƙari ba ragi.

Allah Ya yi miki albarka. Mahaifinki.

Daga 'yata zuwa gare ni

Assalamu alaikum. Baba, na yi yadda ka ce. Na bar jijiyar ta komo, na sabunta bakin raunin. Ran kwana goma sha uku ƙullutu ya taso. Yau da safe ta taka ƙasan akwatin da sabuwar ƙafar ta zo karɓar abinci. Yatsu huɗu, na ƙirga sau uku. Babu tabo.

Na rufe akwatin da tawul, na kasa kallonta.

Takarduna sun fito bayan sun zarce lokacin da aka ce, ina tafe ran Asabar. Babu komai a jakata sai kayan sawa.

'Yarka.

Nan wasiƙun suka tsaya. Ya Allah, Ka yi albarka ga wanda ya karanta wannan. Ka bar masa jinsa da ganinsa da ƙafafunsa muddin Ka bar shi a duniya. Ka tsare shi daga hujjar da son rai ya nemo, Ka ba shi ikon faɗin ciwonsa da sunansa tun yatsa kawai ake roƙo. Wanda kuma ya riga ya binne wani sashe na jikinsa, Ka sanyaya masa zuciya, Ka haɗa shi da shi a tsaye ranar tsayuwa. Mai karatu, in ka miƙe salla a kan ƙafafunka biyu, ka sa ni a addu'a. Amin.